Lissafin Tafiyarmu ta Maraɗi

Karatu: Yakubu 1:27, Ayyukan Manzanni 11:27-30



Mun yi alkawarin ba da labarin tafiyar da Zumuntar Matasa ta yi zuwa Maraɗi bayan Kirsimeti, ga shi har Ista ta wuce ba mu cika ba. Abin da ya riƙe mu wata tambaya ce da wani dattijo ya yi ranar da aka karanta rahoton kuɗi a gaban ikkilisiya. Ma'aji na rufe littafi sai Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Fasto, in kunnena ya ji daidai, kuɗin mota da takardu da abincin hanya sun fi abin da kuka miƙa wa marayun. To, me ya hana ku zauna gida ku aika musu da shi duka?" Majami'a ta yi tsit. Lissafin kuwa haka yake, Baba bai ƙara ko kwabo ba.

Kun san yadda aka tara kuɗin nan, domin da guminku aka tara shi. Samarin Tudun Wada sun yi ƙwadagon yankan shinkafa, na Doguwa sun yi na girbin masara, 'yan matan Kiru da Bebeji sun yi ta suyar awara ranakun kasuwa. Iyayenmu na Zumuntar Mata suka haɗa mana sabulu da omo. Mu 18 muka taru a Kwanar Dangora da asuba, cikin sanyin hunturu, muka bi ta Kano da Katsina da Jibiya, muka ƙetare iyaka zuwa Ɗan Isa, sai Maraɗi. Darasi na farko a teburin 'yan canji muka same shi. Damin nairar da muke taƙama da shi, da aka mayar da shi sefa, aljihun riga ɗaya ya ɗauke shi.

A cikin mota wasunku suna waƙa suna cewa za mu kai bishara Nijar. Ba mu hana ku ba, amma ya kamata mu shugabanni mu koya muku tarihin kafin mu tashi. Mishan ta SIM, wadda ma'aikatanta uku na farko suka sauka Legas a 1893, ta fara aiki a Damagaram tun 1924. Daga can aikin ya kai Tsibiri kusa da Maraɗi, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya kuma wurin jinyar kutare a Danja. Wato akwai masu bi a ƙasar Maraɗi tun kakannin da yawa daga cikinmu suna yanka wa iskoki kaji a gindin tsamiya. Ranar Lahadi muka gani da idonmu. Aka kira lambar waƙa, muna ta buɗe littafi, wata tsohuwa a gefen mata ta rera ta daga farko har ƙarshe da ka. Littafi Mai Tsarki na Hausa da muke karantawa shi suke karantawa. Bambancin kawai su ce lakwal mu ce makaranta, su ce mushe mu ce malam.

Gidan marayun da muka je ba wani babban gini ba ne. Gidan fasto ne a bayan majami'a, a wani ƙauye wajen gari, aka ƙara ɗakuna uku na ƙasa. Yara 23 suke kwana a ciki, Mama matar fasto da wata gwauruwa suke kula da su.

A nan kurakuranmu suka fito fili, kuma gara mu faɗe su da bakinmu. Mun kai buhu shida na tufafi, ashe fiye da rabi na manya ne, har da kwat da takalma masu tsini. Kowa ya zubo abin da ya gaji da shi ne kawai. Sannan wayoyi. Ba mu gama gaisuwa ba an fara jera yara ana ɗaukar hoto, wani ma yana cewa a riƙe sabulun sama domin ya fito sosai. Wata yarinya mai kamar shekara 12 ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Da dare Mama ta ce mana a hankali, "Baba Fasto, yaran nan sun gaji da hoto. Kowane baƙo sai ya ɗauka, su kuwa ba su taɓa ganin ko ɗaya ba." Ba ta ƙara komai ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Wanda ya fi mana ciwo shi ne na abinci. Ranar da muka sauka aka yanka mana akuya. Kwana huɗu ana dama mana fura da rana, ana tuƙa mana tuwon gero da dare, muna ci muna sa albarka. Sai a rana ta uku ɗaya daga cikin 'yan matanmu ta bi Mama zuwa rumbu, ta dawo idonta ya yi ja. Akuyar nan ta Kirsimetin baɗi ce ake kiwo. Geron da muke ci kuma shi ne aka auna zai kai yara tsakiyar damina. Bakuna 18 na matasa masu ƙarfi ba wasa ba ne. Geron da muka saya musu a kasuwar Maraɗi, in an cire wanda muka ci, saura kaɗan ne. Manzo Bulus ya yabi ikkilisiyoyin Makidoniya a 2 Korantiyawa 8 domin sun bayar cikin tsananin talauci, har fiye da ƙarfinsu. Da wannan nassi muka yi wa'azi kafin mu tashi, muna tsammani da mu yake. Ashe da masu masaukinmu yake.

Da muka tambayi Fasto abin da suke bukata, tambayar da ya kamata mu yi ta waya wata uku kafin nan, sai ya lissafa: littattafai da alƙaluma na lakwal, maganin zazzaɓi kafin damina, da ƙofa ga makewayin 'yan mata, wanda tabarma ce ke rufe shi. Cikinmu akwai kafinta. Kafin la'asar ƙofa ta tsaya, kuɗinta bai kai na man da muka sha daga Kano zuwa Katsina ba.

Duk wannan yana bayan Baba. Da nan labarin ya tsaya, da mun je gida mun durƙusa mun ce ya yi gaskiya, a daina tafiya.

Sai dai daren ƙarshe Fasto ya faɗi wata magana da ba ta shiga littafin ma'aji. Ya ce taimako yakan zo jefi-jefi ta hannun direba, amma shekara biyar ke nan ba wanda ya zo daga waje ya zauna sujada tare da su. Su kaɗan ne a ƙauyen, kamar yadda muke kaɗan a namu ƙauyukan, yaransu kuma sun fara tsammani Kirista a duniya su ne kawai da Turawa. Ganin matasa Hausawa, masu tsagar gado irin ta nan, suna buga ganga suna yabon Yesu, ya ce ya yi wa yaran abin da wa'azinsa na shekara bai yi ba. Kalmar da Yakubu ya yi amfani da ita a Helenanci game da marayu da gwauraye tana nufin ka je ka duba mutum da idonka, kamar yadda ake zuwa dubiyar mara lafiya. Ba a aika dubiya a ambulan.

Saboda haka zuwa wajibi ne. Abin da muka kasa dubawa shi ne mutum nawa. Lokacin da aka yi yunwa a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya kowa ya bayar gwargwadon ƙarfinsa domin 'yan'uwa na Yahudiya, amma mutum biyu suka aika da shi, Barnaba da Shawulu. Ikkilisiya duka ta bayar, biyu suka yi tafiya. Mun sha karanta wurin, ba mu taɓa ƙirga mutanen ba.

Akwai kuma abin da ya faru a hanyar dawowa. Mun wuce Katsina, mota ta yi shiru, sai wani saurayi daga cikinmu, wanda shi kansa a hannun kawunsa ya tashi, ya ce, "Baba, mu marayu nawa ne a namu majami'un?" Ba wanda ya sani. Muka fara kiran sunaye, kafin Kano mun kai 11. A wurinmu maraya ba ya zama a gidan marayu, dangi ke ɗaukarsa, shi ya sa ba a ganinsa. Yana nan a bencin baya ranar Lahadi, shi ne ake fara cirewa daga makaranta idan kuɗi ya gaza, shi ne ke kiwo sa'ad da 'ya'yan gida ke aji. Mun ƙetare iyakar ƙasa kafin mu lura da shi.

Ga abin da kwamiti ya tsayar. Bana mutum huɗu za su je Maraɗi, maza biyu mata biyu, da abincinsu a hannu. Za a kira Fasto tukuna a ji bukata kafin a sayi ko allura. Ba za a ɗauki hoton yaro ba sai da yardarsa, kuma wanda aka ɗauka za a wanke a kai masa. Kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tara zai tsaya gida domin kuɗin makarantar marayunmu. Mun san wasunku ba su ji daɗi ba, musamman waɗanda ba su samu zuwa bara ba suka sa rai da bana. Wata ta ce mana a fili ba za ta yi suyar awara domin wasu su hau mota ba. Mun ji ta, ba mu kuma ga laifinta ba, amma muna roƙonta ta sake karanta Ayyukan Manzanni 11 kafin ta yanke.

Mun kai wa Baba wannan bayani har gida. Ya saurara, ya ce shi har yanzu huɗu ma sun yi masa yawa, amma a rubuta masa buhun masara ɗaya idan kaka ta yi. Ƙwadagon farko na bana sharar gona ce, ranar Asabar da ƙarfe shida na safe. Kowa ya zo da fartanyarsa.