Kayan ɗaki a cikin salula: abin da muka gano a Girinsboro

Ranar da kuka raka mu tasha a Maraɗi mun yi alkawarin in Allah ya maido mu lafiya za mu gaya muku inda bukinku ya shiga. To ga bayani, kuma da abin da muke son a tattauna a taron mako.

Mu biyu muka tafi, innar amarya da gwaggonta. Uwar amarya ta tsaya gida. Daga Maraɗi muka bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso zuwa Yamai, tafiyar yini guda. Jirgi ya ɗauke mu zuwa Kasablanka ta ƙasar Maroko, wani kuma ya tsallaka teku da mu zuwa Niyok. Can baffan amarya ya tarbe mu, muka sake yin awa kusan goma a mota muna yin kudu, kafin mu isa Girinsboro a jihar Karolina ta Arewa.

Garin yana da mutum kamar dubu 300, kuma yana cikin garuruwan da ƴan Nijar suka fi taruwa a Amurka. Ka shiga kanti ka ji Zabarmanci, ka juya ka ji Hausa. Akwai shagunan da ake sayar da kuka da kuɓewa busassa da daddawa. Mun je cikin watan Oktoba, ganyen itatuwa ya koma ja da ɗorawa, ga sanyi irin na tsakiyar hunturunmu, su kuwa suna cewa ai ba a fara ba tukuna. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne shiru. Gidaje a jere, ciyawa a gaban kowane, amma ba yaro a waje, ba mai talla, ba maƙwabciya da za ta leƙo ta katanga. Sai motocin kai saƙo da ke tsayawa su aje kwali a bakin ƙofa su wuce.

Kun san uwar amarya tun yarinyar tana firamare take tara mata tasoshi da kwanuka da tukwane. Har ta yi niyyar cin bashin asusu don gado da katifa. Amma jirgi akwati biyu ya yarda wa kowa, kowane kilo 23. Kayan lantarki kuma ba su da amfani, don wutar can 120 ce, tamu 220. Da kuka ta ware abin da za mu iya ɗauka: turmi ƙarami da taɓarya, faifai huɗu, turaren wuta, zannuwa, da kwano ɗaya na kakar amarya. Sai kuɗin buki, jikka 310, da littafin da aka rubuta sunan kowace da abin da ta bayar.

Daren da muka sauka muka tambayi amarya ina kayan ɗaki, yaushe za a yi jere. Ta yi dariya ta miƙo salula ta ce, “Inna, ga su nan.” Muka duba, sai hotuna a jere: tukwane, bargo, injin markaɗe, na'urar shara, teburin cin abinci, kowane da farashinsa a ƙasa. Ta ce ita da ango suka zaɓa, suka aika wa duk wanda aka gayyata.

Gwaggo ta dafe ƙirji. “Ke ɗiyar nan, roƙo kika koma? Da uwarki da ubanki da rai ki rubuta wa mutane abin da za su saya miki?” Ran nan ba mu yi barcin kirki ba. Muna ta tunanin abin da za a ce a gida in aka ji.

Washegari matar baffa, wadda ta shekara ashirin a can, ta zaunar da mu ta warware mana. Al'adar tsohuwa ce a wurinsu. A 1924 wani babban kanti a Cikago mai suna Marshall Field's ya fara aje takarda inda amarya ke rubuta irin faranti da cokulan da take so, baƙi su zo su duba su saya. A da sai a kanti ɗaya ake yi. Da intanet ta zo aka samu shafuka irin su MyRegistry, wanda ya fara a 2005, da Zola a 2013, waɗanda ke barin amarya ta haɗa jeri guda daga kowane kanti take so: bargo daga nan, tukunya daga can, har da gurbin da za a zuba tsabar kuɗi don hayar gida ko tafiya. A wurinsu wanda ya zo da kyautar da ba a buƙata shi ya ba da wahala, don ɗakin haya ƙarami ne, ba inda za a jibge langa talatin.

Ga yadda yake aiki. Ma'aurata su buɗe jerin, yawanci kyauta. In sun ga abu a shafin wani kanti sai su danna, ya shigo jerinsu da hotonsa da kuɗinsa. Baƙo ya buɗe, ya zaɓi abin da ƙarfinsa zai iya, ya biya da katin banki, kantin ya kai kayan har ƙofa. Abin da aka saya sai a yi masa alama don kada wani ya maimaita. Abu mai tsada kuma ana iya raba shi: mutum goma su haɗa kuɗin tebur ɗaya, kowa ya sa abin da ya samu. Shafin yana aje sunan kowa da abin da ya bayar, don amarya ta aika godiya. Da muka ji wannan muka kalli juna. Ashe littafin bukinmu ne, sai dai nasu ba ya jiƙewa da ruwan sama.

Muka ce to mu ma a saya da kuɗin ƙungiya. Inna ta ga tukunya an rubuta dala 80, ta ce, “Kai, araha! A ɗauko goma.” Sai da aka tuna mata dalar Amurka ba dalarmu ta sefa biyar ba ce. Kowace ɗaya ta kusa sefa 600, tukunyar nan jikka 48 ke nan. Kuma farashin da aka rubuta ba shi ne ƙarshe ba: a wurin biya ana ƙara haraji kusan kashi 7 cikin ɗari, wani lokaci da kuɗin kawowa.

Ba mu yarda mu sayi tebur daga hoto ba. Baffa ya kai mu Hai Foyint, gari ne kusa, tafiyar rabin awa, wanda ya yi suna a duniya da sana'ar gadaje da kujeru da kabad. Sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, dillalan kayan ɗaki daga ƙasashe da dama ke taruwa can. Har gini suka yi mai siffar kabad mai aljihuna, tsayinsa ya fi mita goma, da safa biyu manya suna reto daga aljihu ɗaya. Muka tsaya muka ɗauki hoto don uwar amarya. Muka shiga shaguna muna ƙwanƙwasa katako, muna zama kan kujeru, har muka gane wane iri ne mai ƙwari. Da muka dawo muka sa amarya ta canza teburin da ke jerinta da wanda ya fi shi. A nan muka ga amfanin jerin da bai ɗaure mutum a kanti ɗaya ba.

Kuskure ma mun yi. Tukunyar nan da baffa ya biya mana da katinsa, a shafin wani kanti daban aka saye ta. In haka ta faru, dole mai saye ya komo jerin ya danna cewa ya saya, don ba kowane kanti ke sanar da shafin ba. Mu ba mu sani ba, baffa ya manta. Bayan kwana huɗu sai ga tukunya biyu iri ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya tamu, ɗaya ta wata abokiyar aikin amarya. Mayarwa kuma sai an bi dokar kantin da aka saya, kowane da adadin kwanakinsa, kuma sai da rasit. Na biyu, kuɗin da aka zuba ta kati ba ya isa cif. Ana cire kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na ladan kati. Don haka sauran kuɗin ƙungiya hannu da hannu muka ba amarya, gaban shaidu. Matar baffa ta kuma gargaɗe mu: kada a biya ta wata hanyar da aka turo a WhatsApp sai an kira ma'auratan an tabbatar tasu ce, don ɓarayi ma sun iya kwaikwayon shafi.

Akwai abin da salula ba ta yi. Tsofaffin da ba su da kati, ko ba su iya karatu ba, sun ji kamar an rufe musu ƙofa. Wata dattijuwa Bazabarma ta zo da zane ɗaya a leda tana ɓoyewa, wai nata ba ya cikin jeri. Kuma kwali da aka aje a bakin ƙofa ba ya guɗa, ba ya sa albarka. Kyautar da ba a gani ba, wa zai san ana bin sa bashin zumunci?

Saboda haka ranar walima, a zauren da aka kama haya, muka nemi a ba mu fili. Aka shimfiɗa tabarma, muka jera turmi da faifai da kwanon kaka da zanen dattijuwar nan a gaba. Gwaggo ta buɗe littafinmu ta karanta sunayenku ɗaya bayan ɗaya, mata 27, da abin da kowace ta bayar, daga mai jikka ɗaya har mai jikka 25. Amarya ta karanta nata daga salula. Aka kira uwarta ta bidiyo tana kallo daga Maraɗi, ana guɗa can ana guɗa nan. Tebur da tukunya da bargo biyu da kuɗinku ya saya, da sunan ƙungiya aka rubuta su.

Yanzu ga abin da muka kawo muku. Ba mu ce a koma sayen kayan ɗaki ta intanet ba. Yawancinmu ba mu da kati, kuma kasuwar Maraɗi ta ishe mu. Amma ku tuna auren da aka yi a unguwarmu bara: amarya ta samu kula goma sha ɗaya, ba ta da katifa, uwarta kuma har yau tana biyan bashin asusu. Da an tambaye ta abin da take buƙata tun da wuri, da kuɗin kulolin nan ya sayi katifar.

Shawararmu ita ce, in ɗiyar wata cikinmu za ta yi aure, wata biyu kafin buki uwar ta zo taro da jerin abin da babu, wanda yarinyar da kanta ta sa baki a ciki. Sakatariya ta rubuta a shafi guda, da farashin kasuwa. Kowace ta zaɓi abin da za ta iya, a yi alama nan take gaban kowa. Abu babba kamar katifa ko keken ɗinki a raba shi tsakanin mata biyar ko goma. Wadda ke nesa ta aiko ta Nita ko Amana, a rubuta. Wadda ta zo da abin da ba ya cikin jeri a karɓa da hannu biyu, a rubuta shi kamar na kowa. Ranar jere kuma a karanta sunaye da babbar murya yadda aka saba.

Gwaggo har yanzu tana cewa uwa ta fito ta faɗi abin da ba ta da shi a gaban mutane akwai kunya. Inna na cewa kunyar bashi ta fi. Ba mu daidaita ba har muka sauka Yamai. Uwar amarya dai ba ta ci bashin nan ba, tasoshin kuma suna nan a ɗaka suna jiran ƙanwar amarya. Ƙungiyoyin Damagaram da Tawa da Yamai, ku tattauna a naku taron ku aiko mana da abin da kuka yanke.