Dafin da ke rikita hanyoyin cikin tumbi



Da wuya a ƙasar Dandi ka shiga gida ka rasa mai kukan ciwon ciki, wanda in dare ya raba ƙwannafi ya taso masa sai ya jiƙa kanwa ya sha, ya ce olsa ce, yunwa ta jawo ta, ko yaji, ko azumi. Ban musa cewa waɗannan suna tayar da ciwon ba, amma asalin mafi yawan gyambon ciki, in an ɗebe wanda ƙwayoyin kashe ciwo irin su asfirin da diklofenak ke haddasawa, wata ƙwayar cuta ce mai lanƙwasa, Helicobacter pylori, wadda kan shiga ta baki tun mutum yana yaro, ta zauna masa har tsufa. Robin Warren da Barry Marshall na birnin Perth a Ostareliya su suka raino ta a ɗakin bincike a 1982, kuma da malaman likitanci suka ƙi gaskata su, sai Marshall ya sha ta da kansa a 1984, tumbinsa ya kumbura, hujja ta tsaya. An ba su lambar Nobel a 2005.

Mas'alar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce yadda wannan ƴar halitta ke yin ɓarnarta. Bangon tumbi an shimfiɗe shi da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kowace an lulluɓe ta da tantani, kuma a cikin kowace Allah Maɗaukaki Ya tsara wata safara da ba ta tsayawa: duk abin da ta haɗiya daga waje ana ƙunshe shi a ƴar jaka ta tantani, a kai shi zangon farko a tantance, wani a mayar da shi waje, wani a wuce da shi zango na biyu, daga nan zuwa jakar narkarwa mai tsami, inda ake rushe shi. Mu da muka san hanyar Kwatano ba za mu sha wahalar fahimta ba, domin haka kaya ke tasowa daga tashar jirgin ruwa, su iso Malanbil, su haye gada, a duba takardunsu a duwan ta Gaya, kowace mota ta kama inda aka rubuta mata; mun kuma ga abin da ya auku a 2023 da aka rufe iyaka, yadda manyan motoci suka yi cincirindo, kaya suka lalace a inda suke, waɗanda ke jiransu a gaba kuwa suka rasa.

Irin wannan tsaiko dafin ƙwayar ke haddasawa. A 1988 aka lura cewa ruwan da aka raine ta a ciki, in an zuba shi kan ƙwayoyin halitta, sai cikinsu ya cika da manyan kumfa, a 1992 kuma Timothy Cover da Martin Blaser na jami'ar Vanderbilt a Amurka suka tace dafin, aka sa masa suna VacA. Yakan manne wa tantani, ƙwayar halitta ta haɗiye shi bisa al'adarta, ba tare da ta san abin da ta ɗauka ba, har ya isa zango na biyu. A can guda shida-shida nasa suna haɗe cikin zobe mai kafa a tsakiya, kafar da sinadarin kuloraid, wato rabin gishiri, ke kwarara ta cikinta. Shigarsa kan ba famfon da ke tura tsami cikin jakar damar ƙara aiki. Ita kuwa ƙwayar cutar dama tana fitar da amoniya domin kare kanta daga tsamin tumbi, kuma amoniyar in ta ratsa cikin jakar ta gamu da tsami sai ta rikiɗa ta kasa fita, ruwa ya biyo ta, jakar ta kumbura, ta haɗe da ƴan'uwanta. Emanuele Papini da Cesare Montecucco na Padua a Italiya ne suka tabbatar cewa kumfan nan daga zango na biyu suke, saboda sun iske alamarsa, Rab7, a jikinsu.

Kumburin shi ake gani a madubin ɗakin bincike, amma a ra'ayina babbar musiba tana ga abin da ya daina isa inda aka aike shi. Sinadaran narkarwa da ya kamata su je jakar narkarwa sai su ɓace hanya a zubar da su waje. Abin da ya kamata a rushe sai ya taru. Gutsattsarin maƙiyi da ya kamata a nuna wa rundunar garkuwar jiki sai nunin ya yi rauni. Masu bincike a Stanford sun nuna a 2011 cewa dafin yana karkatar da abin da ke ɗauko wa ƙwayar halitta sinadarin ƙarfe zuwa inda ƙwayar cutar take zaune, Nicola Jones da abokan aikinta a Toronto kuma suka nuna a 2019, a gwaji kan ɓeraye, cewa tana ɓuya a cikin jakunkunan da ta lalata har magani ya wuce. Dafi ne mai haƙuri, ba ya gaggawar kisa, shi ya sa ƙwayar cutar take daɗewa.

Kada wannan ya firgita kowa. Wajen rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, akasarinsu lafiya lau, kuma dafin wani iri ya fi na wani ƙarfi. Wani likita Bature, Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya yi mamaki a 1992 ganin yawan masu ita a ƙasashenmu alhali kuwa ba a cika jin sankarar tumbi ba, ko da yake daga baya an gane cewa ƙarancin kayan bincike yana da hannu cikin wannan lissafi. A 1994 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon ta sa ta cikin tabbatattun sababan sankara. Mu kuwa da Allah Ya hore wa gishirin Foga, ya kamata mu sani cewa yawan gishiri a abinci yana ƙara wa tumbi mai ɗauke da ita haɗari.

Kanwa tana kwantar da tsami na ɗan lokaci, ba ta taɓa ƙwayar, haka ma omeprazol shi kaɗai da ake saye a tebur a kasuwa. Maganinta haɗi ne na mai rage tsami da aƙalla masu kashe ƙwayar cuta guda biyu, na kwana 10 zuwa 14, bayan an yi gwaji, kuma wajibi ne a shanye shi duka, domin a yankinmu ta riga ta saba da Flagyl saboda yawan shan sa barkatai. Wanda ya ga baƙin bayan gida, ko ya yi aman jini, ko yana ramewa ba dalili, kada ya jira, ya tafi asibitin Gaya ko na Dosso, in an tura shi Yamai a leƙa tumbinsa da na'ura ya daure ya je. Mai gyambo da ke shakkar azumi kuma ya tambayi likita da malami tare, domin shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.