Waya marar suna

Duk wanda ya bi kwaltar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Gure, ya wuce Gidimuni ya iso Gidigir ranar kasuwa, kunnensa ne ke riga idonsa shiga gari. Ga mai magani da ƙahonsa, ga mai cigiyar raƙumi, ga ladan bisa dukansu idan azahar ta yi. Garin ya daɗe da sanin amfanin lasifika. Abin da bai samu daraja ba har yanzu, a nan da sauran garuruwan Nijar, shi ne abin da ke bayan tebur, wato wayoyin da ke ɗaukar magana daga bakin mutum su kai ta ƙaho.

Alhaji zai sayo amfili mai tsada daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, ya ba masallaci sadaka. Ma'aikacin gwamnati zai sa hannu ya karɓi kayan zauren taro da wani furoje ya kawo. Dukansu biyu sun san kuɗin na'ura har dala ta ƙarshe, amma a tambaye su nawa aka ware domin waya, da wanda zai shimfiɗa ta, sai a ji shiru. An sayi doki, an ɗaure shi da tsumma. Bayan wata shida sauti ya fara kukan ƙudan zuma, bayan shekara na'ura ta ƙone, sai a ce kayan zamani ne ba su da ƙarko.

Alhali kuwa Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin a lakwal, kuma a 1968 har an kunna akwatin da hasken rana a kusa da Yamai. A 1979 aka buɗe Télé Sahel, gwamnatin Seyni Kountché ta rarraba akwatunan kallo na jama'a cikin garuruwa. Daga 1999, da tashar Bankilare, gidajen rediyon karkara masu aiki da hasken rana suka fara yaɗuwa. Kowane zamani ya zo da kayansa da bikin buɗewarsa. Waɗanda suka yi shiru daga baya, sau da yawa abin da ya kashe su bai kai girman yatsa ba: bakin batir da ya ci tsatsa, ko mahaɗin waya da aka naɗe da leda.

Ka'idodin aikin ba su da yawa, kuma ɗan kasuwa zai riga kowa gane su, don kusan tsarin kanti ne. Masu sana'ar suna jera na'urori cikin wata kantar ƙarfe da suke kira rak, mai faɗin inci 19, wato kimanin santimita 48. Kamfanin tarho na Amurka ne ya tsayar da wannan awo wajen 1922, kuma har yau shi duniya ke bi. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, kamar yadda ba a ɗora buhun sukari bisa kwalin sabulu. Amfili shi ne mai nauyi, shi ne kuma mai zafi, saboda haka ana bar masa sarari ya sha iska. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, wanda ya lulluɓe amfili da darduma don ya kare shi daga ƙura ya yi masa likkafani ne bai sani ba. Maganin ƙurar hunturu shi ne a rufe ɗakin, a riƙa busa na'urar ana share ta.

Sai raba hanya. Wayar kuran da wayar mikro ba abokan tafiya ba ne. Kuran na kai da komowa sau 50 a cikin sakan guda, abin da ke fitowa daga mikro kuwa ɗan mitsitsi ne, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na bolt guda ba a magana ta yau da kullum. Idan aka ɗaure su dami ɗaya, babba sai ya zuba wa ƙarami gurnaninsa, amfili kuma ya ɗaukaka gurnanin tare da huɗuba. Wannan shi ne asalin kukan da jama'a ke ɗora wa aljanu ko mugun kaya. Ɗaya ta bi dama, ɗaya ta bi hagu. In ya zama dole su haɗu, to, su gitta juna, kada su jera. Wayar mikro mai ƙafa uku ta fi mai ƙafa biyu tsada, amma an ƙera ta ne yadda hayaniyar da ta kwaso a hanya za ta soke kanta, kuma ita ce ke iya tafiya mai nisa.

Akwai wata ɓarna da alheri ke jawowa, musamman a masallatai. Wannan ya kawo ƙaho sadaka, wancan ma ya kawo, kowane sai a liƙa shi a bayan na farko. Lasifika ɗaya mai om 8, idan aka haɗa ta da ƴar'uwarta ta wannan hanya, sun koma om 4. Idan sun zama huɗu, om 2 ke nan, kuma yawancin amfili ba a yi su don wannan kaya ba. Jakin da aka yi wa lodin raƙumi zai ɗan taɓa tafiya kafin ya durƙusa. Wanda ke son ƙaho a kowace kusurwar gari, akwai tsarin layin bolt 100, inda kowane ƙaho ke da ɗan taransifomansa, a tara ƙarfinsu a tabbata bai wuce na amfili ba. Haka kuma mai aiki da batir ya sani cewa na'ura mai wat 120 tana jan amfiya 10 a kan bolt 12, alhali a kan bolt 220 abin da take ja rabin amfiya ne da ɗan ɗori. Siririyar wayar da ta isa a birni, a ƙauye zafi za ta yi, ta shanye ƙarfin batir tun bai isa ba. A nan gajera mai kauri ake so.

Ƙasar Gure tana da tata matsala ta dabam. Dole kowace tasha ta samu sandar tagulla da aka kafa a ƙasa, wadda za ta janye kuran da ya ɓata hanya, kada ya bi ta leɓen mai riƙe da mikro. To amma busasshen rairayi ba ya karɓar kuran. Sandar da aka soka bisa tudu kamu biyu ado ce kawai. Sai an haƙa da zurfi an tarar da laima, wasu ma kan zuba gawayi da gishiri. Abin mamaki, kwarurrukan yankin, inda ruwa ke kusa kuma kanwa ke fitowa, su ne suka fi dacewa da wannan aiki, amma ba a gina hasumiya ko dogon ƙarfen eriya a kwari, bisa tudu ake kai su, inda tsawar damana ke fara sauka.

Duk waɗannan mai gyara nagari ya san su. Babbar illa tana wani wuri. A yawancin wurare, taswirar wayoyin tana cikin kan mutum ɗaya. Shi ya san baƙar wayar nan ta ƙahon gabas ce, ya san amfili ne ake kunnawa a ƙarshe a kuma fara kashewa, ya san ba a tayar da na'urar watsa shiri in eriya ba ta haɗe, don nan take za ta iya ƙonewa. Ranar da aka canza masa wurin aiki, ko ya tafi cin rani Libiya, ya tafi da tashar cikin aljihunsa. Wanda ya gaje shi zai tarar da baƙaƙen wayoyi ashirin masu kama ɗaya, ya riƙa cirewa yana gwadawa, kuma a cikin gwajin ne ake asarar. Ma'aikatan gwamnati sun san wannan ciwo sarai, don sun sha tarar da ofis babu takardar miƙa aiki. Ɗan kasuwa kuwa ba zai yarda yaronsa ya riƙe bashin kanti a ka ba.

Saboda haka kowace waya a rubuta mata lamba a bakinta biyu, da alƙalamin da ba ya gogewa. A zana inda ta fito da inda ta nufa a takarda guda, a manna ɗaya a ƙofar rak, a ajiye ɗaya wurin liman ko magatakardan magajin gari. Wadda za ta bi bango a sa ta cikin bututun roba saboda ɓera, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da ruwan shara. Wadda ake kwashewa bayan taro a naɗe ta a hankali kamar igiyar guga, kada a murɗe ta a gwiwar hannu, don zaren tagullar da ke ciki yana karyewa ba tare da fatar ta nuna ba. Kuma ranar da mai haɗawa ya zo karɓar ladansa, a ce ya kawo takardar tukuna, ya zauna da yaro ɗaya ko biyu na garin su bi wayoyin tare da shi daga mikro har ƙaho.