Wa Ya Fasa Tulun?

"Ku dai bari, 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare sun kusa sa mini hawan jini a makon nan," in ji ƙawarmu mai koyar da Turanci. Daren Alhamis ne, kasuwar Maigatari ta watse, sai rugugin manyan motocin shanu da suka ɗauki hanyar Gumel za su Kudu. Mu huɗu ne a tsakar gidan Yaya, wadda ta daɗe da ajiye alli, ga kwaryar fura a tsakiya.

"Mako guda cur muna kan active da passive. Na rubuta musu ƙa'ida a allo: karɓau ya dawo gaba, a sa was ko were, aikatau ya koma siga ta uku, a rufe da by. Suka kwafe tsaf. Da na yi gwaji, wani ya rubuto mini 'The goat was died.' Wata kuma, 'The accident was happened.'"

Muka kwashe da dariya. Yaya ta ce, "Ai biyayya suka yi miki, ƙanwata. Kin ɗora su a hanya, suka bi ta har inda ta ƙare. Kin gaya musu abin da zai sa mutum ya juya jimla tun farko?"

Ta yi shiru.

"To je ki kara ranar kasuwa ki saurari dillalai. 'An taya.' 'An sallama.' 'An riga an sayar, Alhaji.' Wa ya taya? Ba zai faɗa ba, cinsa ke nan. Ko ki duba cikin gida. Yaro ya yi ɓarna, ya sheƙo da gudu: 'Inna, an fasa tulu!' In ya fi wayo ma cewa zai yi tulu ya fashe, sai ka ce tulun ne ya ga dama. Yaron da ya iya wannan tun yana shekara biyar, shi za ki ce ɓoye mai aiki zai ba shi wuya?"

Malamar Hausa, wadda ta yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ta ajiye ludayi. Ta ce Hausa ba ta da irin wannan ginin na Turanci sak. Abin da muke da shi sai "an" da "aka" da "za a", sai kuma aikatau irin su dafu, gyaru, tuƙu, wato giredi na 7 a rabon da Parsons ya yi wa aikatau na Hausa a 1960. Nama ya dafu, mota ta gyaru. In kuma za mu ambaci mai aikin, ba ma rataye shi a wutsiyar jimla, gaba muke jawo shi: Audu ne ya sayar. Shi ya sa by ɗin nan ke zame wa yara baƙo. Turawan ma sau da yawa barin sa suke yi.

"Akuyarki kuwa," ta ci gaba, "ai batun so-karɓau da ƙi-karɓau ne. Ki ce su tambayi aikatau 'me?' Ya sayar da me? Bijimi. To wannan zai juyu. Ya mutu me? Ajin zai fashe da dariya, kuma da wuya su sake kashe miki akuya da was."

Malamar Turanci ta rage murya. "Ni fa tsorona, a leƙo a same ni ina Hausa a darasin Turanci. Kun dai san a 2022 aka amince da koyar da 'yan firamare cikin harshen uwa, lokacin Adamu Adamu na ministan ilimi, a Nuwamban 2025 kuma minista Tunji Alausa ya ce an soke. Ga jarrabawar aji uku tafe, ga WAEC da NECO can gaba, duk da Turanci."

Ni dai a ganina minti biyar na Hausa a farkon darasi ba zai rage wa kowa maki ba, kuma na faɗa mata. Inda na goyi bayanta shi ne sigar nan ta uku. Write, wrote, written. Take, took, taken. Nan kam ba dillali ba tulu, hadda ce zalla. Yaya ma ta yarda, ta ce a zamaninta biyar-biyar take ba su kowace safiya, su rera da tafi kafin a buɗe littafi. Mai cewa "was wrote" ya gane juyin, haddar ce ba ta zauna ba, bai kamata a ja masa jan biro iri ɗaya da mai "was happened" ba.

Sai Yaya ta waiga ƙofa, ta sunkuyo. "In kina son misalin da ba za su manta ba, ki kai musu takardar sanarwa irin ta ofis. 'Your complaint has been noted.' 'The arrears will be paid.' Ki ce su nemo miki mai biyan."

"Yaya! So kike a kore ni?"

"Wa zai kore ki? Sai dai a ce an kore ki."

Da dariya ta lafa, ƙawar tamu ta jawo jakarta ta fito da littafin shirin darasi. Ta ce gobe Juma'a darasinta ne na farko, kuma da dillali za ta fara, sanarwar ofis sai ta yi shawara da maigida tukuna.