Shuɗin Fensir: Manyan Duniya Kamar Yadda Ake Hango su Daga Damilu

Duk lokacin da aka tashi lissafa shugabannin da suka juya akalar duniya a wannan zamani, sunayen da ke fara zuwa baki sanannu ne: Bismak na Jamus, Lenin na Rasha, Gandi na Indiya, Nasir na Masar, Nkuruma, Mandela. Ɗalibanmu sun haddace su tun daga sakandare, in an tambaye su sukan jero su tiryan-tiryan kamar karatun allo. Ba mu da ja a kan girman waɗannan mutane. Abin da ke damun mu shi ne yadda ake koyar da su tamkar taurari, waɗanda akan ɗaga kai a kalla, amma ba ruwansu da abin da ke cikin tukunyarmu. Alhali kuwa mu da muke zaune a Damilu, cikin Jimeta, ba ma buƙatar littafi kafin mu ga aikin hannun wasunsu. Mutum ya hau mota ya nufi gabas ta hanyar Fufore, ba zai yi nisa ba zai isa Gurin, a bakin kogin Faro, inda za a ce masa ƙasarsa ta ƙare. Gurin ɗin nan kuwa ita ce mazaunin farko na Modibbo Adama. Wato inda aka kafa tushen daula, nan ne a yau ya zama bakin iyaka.

Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajejen 1809, ya zauna a Gurin, ya koma Ribaɗu, daga bisani ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Ƙasar da shi da magadansa suka haɗa, wadda ake kira Fombina, ta miƙa tun daga Marwa a arewa har Ngaundare da Tibati da Banyo a kudu. Sarakunan waɗannan garuruwa Yola suke kawo gaisuwa, Yola kuma ta kai Sakkwato. Kakanninmu Hausawa sun shigo ta a matsayin fatake da malamai, suna bin sawun hauren giwa, da kuma bayi, domin ba a ɓoye wa tarihi fuska. Shi ya sa har gobe akwai unguwannin Hausawa a Garwa da Ngaundare, kuma a maƙwabtanmu na Damilu da wuya a rasa gidan da ba shi da gwaggo ko kawu a can ƙetare.

Ana cikin haka sai Bismak ya tara wakilan ƙasashe 14 a birnin Barlin, daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885. Akan ce a wannan taro ne aka yanka Afirka aka rarraba, amma maganar ba ta cika daidai ba. Ƙa'idojin wasoso aka shimfiɗa a can. Wuƙar kanta ta zo ne a yarjejeniyoyin da ƙasashen Turai suka riƙa ƙullawa bibbiyu. Tamu ita ce ta Ingila da Jamus, wadda aka fara jawo layinta zuwa Binuwai a 1886, aka ƙarasa shi zuwa Tafkin Cadi a ranar 15 ga Nuwamba, 1893. A lokacin ma Bismak ya shekara uku da barin mulki: shi ya ɗora tukunya, wasu suka sauke. Da layin ya iso kusa da Yola sai aka lanƙwasa shi kamar baka, don a bar wa Ingilishi garin, saboda kamfaninsu na Royal Niger ya riga ya kafa ciniki a bakin kogi. Ta haka kai ya faɗa hannun Ingila, gangar jiki kuwa, wato Garwa da Marwa da Rai da Ngaundare da Tibati, ta faɗa hannun Jamus.

Wani jami'in Ingila mai suna Claude MacDonald ya ba da labarin yadda aka yi wannan aiki, shekaru bayan haka, a gaban taron masana labarin ƙasa a Landan. Cikin raha ya faɗa musu cewa shuɗin fensir da rula kawai suka ɗauka, suka aza a Kalaba suka ja layi har Yola. Ya ƙara da cewa da yake zaune a gaban Lamiɗo, sai ya riƙa rayawa a ransa cewa gara da mai masaukin nasa bai san ya ratsa ƙasarsa da fensir ba. Mu da sana'armu ita ce nazarin magana, wannan raha ta fi tsaya mana a rai bisa ga ƙarar igwa. Ga baƙo a zauren mai gida, an shimfiɗa masa tabarma, ana yi masa maraba, shi kuwa ya san ya riga ya sayar da rabin gidan.

Wanda fensirin ya faɗa wa a ka shi ne Lamiɗo Zubairu, da ya hau gado a 1890. Ya gwada dabarar da ta rage wa mai ƙaramin ƙarfi, wato haɗa Turawa da junansu, har wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya ba shi igwa biyu. A ranar 2 ga Satumba, 1901, lokacin da Binuwai ta cika ta batse, sojojin Kanar Morland suka iso ta jirgin ruwa suka buɗe wa fada da masallaci wuta. Zubairu ya fice, ya rubuta wa Sarkin Musulmi Abdurrahman cewa shi ba zai yi fuska biyu ba. Ya nufi gabas, cikin ƙasar da yake ganin tasa ce, sai ya tarar da Jamusawa sun tare hanya. Suka gwabza a Garwa, suka sake gwabzawa a Marwa a Janairun 1902, duk ya sha kaye. A 1903 aka kashe shi a ƙasar Lala, yana gudun tutoci biyu a cikin gadon mahaifinsa. Ingilishi kuwa tuni suka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu a Yola.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kori Jamus: Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora a 1916. Shugaba Wilson na Amurka yana ta wa'azin cewa kowace al'umma ita za ta zaɓa wa kanta makoma, amma a 1919 ministocin Ingila da Faransa, Milner da Simon, suka sake raba Kamaru ba tare da an tambayi kowa ba. Faransa ta kwashi kaso mai tsoka. Ingila ta sami wani siririn yanki, irin su Madagali da Mubi da Ganye da Mambila, a matsayin ƙasar amana, ta liƙa yawancinsa a jikin En'en Adamawa.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ɗora wa Turawa laifin duka mu huta. To, amma akwai babi na biyu, kuma 'ya'yan gida ne suka rubuta shi, Ahmadu biyu: Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, da Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya zama shugaban Kamaru a 1960. Dukansu Musulmi ne, dukansu sun tashi a inuwar tutar Shehu, kuma babu ɗayansu da ya taɓa neman a mai da Fombina yadda take. Abin da kowa ke so shi ne wancan siririn yanki ya faɗo a tasa ƙwarya, domin yawan jama'arsa zai ƙara masa nauyi a kan 'yan kudun ƙasarsa.

A Nuwamban 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama. A Kaduna an ɗauka an gama, sai ga shi kusan kashi 62 cikin ɗari sun zaɓi a ɗage maganar shiga Nijeriya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ko da yake ba mu cika son faɗarsa a Yola ba. Mutanen kan duwatsu, Kamwe da Margi da Fali da Gude da Camba, sun gaji da hakiman da ake turo musu, kuma ba su manta da farautar bayi ba. Wanda ke shakka ya duba littafin da Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya riƙa sa ana rubuta masa al'amuran yau da kullum tsakanin 1912 da 1927, ya ga yadda ake ƙidaya mutane tare da shanu. A ganinmu, a nan ne girman Sardauna ya fi fitowa fili, fiye da duk kirarin da maroƙa suka yi masa: an ce masa a'a, ya ji, ya kuma gane wa ake nufi. Aka raba mulkin yankin da En'en Adamawa, aka kafa musu nasu hukumomin, aka yi musu alkawarin lardi na kansu. Da aka sake ƙuri'a a Fabrairun 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. A ranar 1 ga Yuni yankin ya shigo, ya zama Lardin Sardauna mai hedkwata a Mubi. Lamiɗo Aliyu Musɗafa ya ga an sake yanke wa Yola wani reshe, wannan karon da wuƙar gida. Ahijo kuwa ya mai da ranar ta makoki a ƙasarsa, ya kai ƙara kotun duniya da ke Heg, wadda a 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan batun.

Abin mamaki, adabinmu bai ba wannan al'amari haƙƙinsa ba. Muna da waƙoƙin yabon shugabanni jibgi guda, amma ina ƙagaggen labarin manomin Ganye da ya tsaya gaban akwati biyu, ƙanensa na auren wata a ƙetaren layi? Marubutanmu matasa sun fi son kai jarumansu Dubai.

A 1964, a Alƙahira, shugabannin Afirka suka amince a bar iyakoki yadda aka gaje su, duk da kiran da Nkuruma ke yi na a dunƙule a zama ƙasa guda. A 2002, da kotun Heg ta zo raba gardamar iyaka tsakanin Nijeriya da Kamaru, takardun Turawan nan ta buɗe, har da ta Milner da Simon.

Kogi dai bai san fensir ba. Gwamnatin Ahijo ta gina madatsar ruwa ta Lagdo a saman Garwa, aka gama ta a 1982, shekarar da ya sauka daga mulki. Takwararta da aka tsara ginawa a Dasin Hausa, a ƙasar Fufore, don ta tare rarar ruwan, ba a kammala ta ba. Saboda haka in damina ta yi nauyi aka buɗe Lagdo, kamar a 2012 da 2022, mu a Jimeta muke kwana muna duban bakin kogi, masu gonakin fadama suna ƙirga asara, makarantun firamare suna cika da tabarmi da tukwanen waɗanda ruwa ya kora. Shi kuwa mai madatsar ya ɓata da magajinsa, aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a 1984, ya rasu a Dakar a ranar 30 ga Nuwamba, 1989, aka binne shi a can, nesa da Garwa da Binuwai.