GASHAKA-GUMTI: DAJIN DA KE BISA DUWATSU

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A wannan wata za mu kai ku wata ƙasa mai duwatsu da kurmi da ruwa. Sunan wurin Gashaka-Gumti. Gandun daji ne na gomnati a gabashin Najeriya, daf da iyakar Kamaru. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, don akwai abin da ya shafe mu a ciki.

INA WURIN YAKE?

Gandun yana cikin jihohi biyu, Taraba da Adamawa. Shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin Najeriya. Faɗinsa ya wuce hekta 600,000. Gandunmu na W, wanda ke kudu da Yamai, hekta 220,000 ne. Ke nan Gashaka-Gumti ya kusa ninka shi sau uku.

An fara keɓe dajin a shekarar 1972. A 1991 aka haɗa yankin Gashaka da yankin Gumti, suka zama gandu ɗaya. Sunayen nan biyu na tsofaffin garuruwa ne. Gumti tana arewa, inda ƙasa ta fi zama shimfiɗe, da ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Gashaka tana kudu, inda duwatsu da kurmi suke.

Mai zuwa daga Maraɗi ko Damagaram sai ya fara isa Kano. Daga Kano ya bi ta Gombe da Numan zuwa Jalingo. Daga Jalingo ya bi ta Bali har Serti. Tafiya ce ta kwanaki, ba ta yini ɗaya ba. A Serti sarkin Gashaka yake zaune, kuma ofishin gandu yana nan kusa. Mutanen ƙasar iri-iri ne: Jibawa, Dakawa, Ndoro, Mambila, Fulani da Hausawa. A kasuwa ana jin Hausa da Fulatanci, don haka baƙo daga Nijar ba zai rasa abokin magana ba.

BA A SHIGA SAI DA IZINI

Gandun daji ba dajin kowa-da-kowa ba ne. Baƙo yana fara zuwa ofis. Ya nuna takardunsa, ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da ma'aikacin gandu wanda zai yi masa ja-gora. A nan ne kuma zai tambayi lafiyar hanya. In an ce kada a bi wani gefe a wannan lokaci, to kada a bi. Matambayi ba ya ɓata.

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Disamba zuwa Maris. Damanar can doguwa ce. Ruwa yana farawa wajen Afirilu, ba ya ɗaukewa sai wajen Nuwamba. A ƙasar Maraɗi, in an samu milimita 500 a shekara an gode Allah. A kudancin wannan gandu ana samun kusan milimita 2,000, wani wuri ma fiye. Da damana koguna suna cika, hanyar mota ta yanke.

Daga Serti mota tana kai mutum ƙauyen Gashaka, bayan an ƙetare kogin Kam. Bisa wani tudu kusa da ƙauyen akwai kangon ganuwar Jamusawa. Su ne suka riƙe wannan ƙasa tare da Kamaru, har Ingilishi suka kore su a yaƙin duniya na farko. A 1961 aka yi ƙuri'a, mutanen wannan yanki suka zaɓi zama cikin Najeriya.

Daga Gashaka kuwa sai ƙafa.

CIKIN KURMI

Wanda ya saba da dajin sabara da kalgo zai yi mamaki. Itatuwa dogaye ne ƙwarai, sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Rassansu sun haɗe a sama. Da tsakar rana ma inuwa ce, kamar magariba ta gabato. Igiyoyin daji sun nannaɗe itatuwa. Ƙasa tana da laima, ganye ya rufe ta. Ka yi tafiya kaɗan sai ka tarar da rafi mai ruwa garai-garai, mai sanyi kamar na randa.

Namun daji suna nan, amma ba su son hayaniya. Mai son ganin su sai ya yi sammako, ya riƙe bakinsa. Akwai ɓauna, da gwanki, da gwambaza, da mazo, da gadar dutse, da aladen daji, da damisa. A cikin koguna akwai dorina da kada, da giwan ruwa da tsage. An ƙirga tsuntsaye iri fiye da 500. Birai ma iri-iri ne. Akwai wani mai gashi baƙi da fari da doguwar wutsiya, wanda ke tsalle daga icce zuwa icce.

Amma abin da ya fi jawo masana shi ne wani babban biri marar wutsiya da ake kira shimpanze. Irin na nan ba a samun sa ko'ina a duniya sai Najeriya da Kamaru, kuma ya yi ƙaranci. Kullum da yamma yana lanƙwasa rassa ya yi wa kansa gado a bisa icce. Yana gyara tsinke ya zura cikin rami ya ɗebo zuma. Haka yake yi wa tururuwa. A shekarar 2000 masana suka fara zama a wani sansani mai suna Kwano, tafiyar ƴan awoyi daga Gashaka, don bin rayuwar waɗannan birai.

HAWAN DUTSE

In an bar kurmi an fara hawa, sai numfashi ya ƙaru. A nan mai gaggawa shi ke fara gajiya. Sannu ba ta hana zuwa. Ana tashi da asuba, a huta da azahar, a sauka tun rana ba ta faɗi ba.

Kowace mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Shi ya sa wanda ya yi gumi a ƙasa da safe zai nemi bargo a sama da dare. Hazo yana rufe duwatsu, har ka kasa ganin wanda ke gabanka. Wani dutsen ana ce masa Chappal Hendu. Da Fulatanci, hendu ita ce iska, kuma sunan ya dace.

Dutsen da ya fi duka tsawo shi ne Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal. Tsawonsa mita 2,419. Babu wanda ya kai shi a duk Najeriya. Dutsen Bagzan na ƙasar Abzin, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2,022 ne. Zuwa ƙolin Chappal Waddi da dawowa yana cin kwanaki. Wanda ya kai ya tsaya bisa iyaka: nan Najeriya, can Kamaru.

Bisa tuddan nan ba kurmi ba ne duka. Fili ne na ciyawa. Kurmin yana maƙale cikin kwazazzabai, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa.

KWANA A DAJI

Guzurin da ya dace shi ne marar nauyi, wanda ba ya lalacewa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, shinkafa, gishiri, da kayan shayi. A riƙe tanti ko leda mai kauri, da bargo, da sange, da tocila, da takalmi mai rufe ƙafa. Ana samun ƴan dako a ƙauyuka. A yi ciniki da su tun kafin a tashi.

Ga abin da masu gandu suke faɗa wa baƙo:

Kada a kafa tanti a cikin kwari ko a bakin ruwa. Ana iya yin ruwa can bisa dutse ba ka sani ba, kogi ya taso da dare. Dorina ma da dare take fitowa kiwo, kuma ba ta son a tare mata hanya.

A tafasa ruwa kafin a sha, ko da ya yi kyan gani.

A rufe jiki a bakin kogi. Akwai tsando, akwai sauro, akwai wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe waɗanda yawan cizonsu ke kawo makanta.

A kakkaɓe takalmi da safe, saboda kunama da maciji.

A hura wuta da busasshen icce da ya faɗi. A share ciyawa kewaye da murhu. Kafin a tashi a kashe wutar da ruwa, a taɓa tokar da hannu.

Ba a farauta, ba a sare icce, ba a barin leda ko gwangwani.

MAKIYAYA A CIKIN GANDU

Makiyayi zai tambaya: ina rabon shanu a wannan ciyawa? Amsar ita ce akwai Fulani a cikin gandun. Sun hau tuddan ne don tsando ba ya son sanyi, saboda haka sammore bai cika damun shanu a can ba. Da aka keɓe dajin ba a kore su ba. An shata musu wurare, kamar Filinga da Sabere da Chappal Hendu. A ciki an yarda su yi kiwo da noma. Farauta ce aka hana.

Zaman ba ya rasa wahala. Birai da aladen daji suna ɓarna a gonakin masara, manomi kuwa ba shi da izinin harbi. Shanu suna ƙaruwa, ciyawa ba ta ƙaruwa. Inda kofato ya yi yawa a gangare, ruwa yana kwashe ƙasa ya bar zaizaya. Da rani ana ƙona ciyawa don sabuwa ta tsiro. In an sa wutar a makare, lokacin da komi ya bushe, sai ta ci bakin kurmi. Bana ta ci kaɗan, baɗi ta ci kaɗan, har kurmin ya ƙare.

Ciwo ma bai san iyakar gandu ba. Dattawanmu ba su manta da bushiya ta 1983 da 1984 ba. A Gashaka ta kashe shanu, ta kashe ɓauna. Allurar rigakafi ce ta yi maganinta, har a 2011 aka ba da sanarwa cewa an kawar da ita daga duniya.

Wani haɗarin daga waje ya zo. Iccen madobiya, wanda makiyaya ke sassaɓo wa dabbobi ganyensa da rani, ya yi tsada a ƙasar Sin, inda ake yin kujeru da gadaje da shi. Wajen 2014 zuwa 2017 an sare shi da yawa a jihar Taraba, har masu sara suka kai ga gandu. A 2016 ƙasashen duniya suka sa shi cikin itatuwan da ba a fataucinsu sai da izini. Mai sara ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya. Makiyayi ya rasa harawar kowace shekara. A 2017 hukumar gandayen dajin Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Africa Nature Investors, don a ƙarfafa tsaron gandun a horar da masu gadinsa.

DON ME AKE TSARON WANNAN DAJI?

Ba don birai kaɗai ba ne. Babban dalili shi ne ruwa. In ruwan sama ya sauka a kurmi, ganye yana rage masa ƙarfi. Saiwoyi suna riƙe ƙasa. Ruwan ya nutse a hankali, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan har cikin rani. In an sare kurmin, ruwan zai gangaro gaba ɗaya. Da damana ambaliya, da rani yashi.

Rafukan gandun suna zuba cikin kogin Taraba. Taraba tana zuba cikin Binuwai. Binuwai kuma tana haɗuwa a Lokoja da babban kogin nan namu, wanda ya ratsa Yamai da Gaya. Masunta da manoman fadama masu yawa suna ci daga ruwan da ya fito daga waɗannan duwatsu, ko da ba su taɓa ganin su ba.

Mu ba mu da kurmi irin wannan, amma dokar icce da ruwa ɗaya ce ko'ina. Tun wajen 1984 manoman ƙasar Maraɗi suka fara sassaben zamani. Maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma. Aikin ya bazu har Damagaram da Tawa. Masana sun kiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawon da ke gonarka yana yin aikin da kurmin Gashaka ke yi, daidai ƙarfinsa. Yana tare iska, yana riƙe ƙasa, yana ba dabba abinci.

Wanda Allah ya hore masa ya je ya gani, don gani ya kori ji. Wanda bai samu zuwa ba, ga aiki a gida. In za a yi sassabe bana, a bar toho. In an ga wutar daji, a yi kururuwa a taru a kashe ta. In masu allurar dabbobi sun zo, a fito da garke duka. Ku tattauna wannan magana a wurin karatu da dandali.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai wata mai zuwa.