I'ina Ba Laifin Mai Ita Ba Ne

Cikin manyan mutane ɗari, kusan ɗaya yana da i'ina. Ga yara abin ya fi haka yawa, amma galibinsu takan sake su kafin su balaga. Masu maganin i'ina sun daɗe suna sake ra'ayi a kanta, kuma a cikin labarinsu akwai darasi gare mu.

Da fari an ɗora wa harshe laifi. A shekarar 1841 wani likitan Jamus, wai shi Dieffenbach, ya riƙa yanke wani sashe na harshen masu i'ina. Aka sha azaba, i'ina kuwa ba ta tafi ba.

Sa'an nan laifi ya koma kan iyaye. Wani malamin Amurka, Wendell Johnson, ya ce yawan kushe maganar yaro shi ke jawo ta. A 1939 aka gwada wannan ra'ayi a kan marayu a jihar Ayowa, aka yi ta aibata maganar waɗansunsu, har suka riƙa jin tsoron buɗe baki. Sai a 2001 jami'ar ta nemi gafara.

Wani malamin kuma, Charles Van Riper, wanda shi kansa yana da i'ina, ya koya wa mutane su daina kokawa da kalma, su bar ta ta fito sannu a hankali. A 2010 masana suka gano waɗansu ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita. Watau ba wauta ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Yau da yawa cikin masu wannan aiki burinsu shi ne mutum ya faɗi abin da ke ransa ba fargaba, ko da i'inar tana nan.

Ni akawu ne, na sha ganin mai i'ina ya kawo kuka ofis a kan gona ko gado. Da ya tsaya kan kalma sai wani ya ƙarasa masa, alhali ba abin da yake nufi ke nan ba. In aka rubuta haka, haƙƙinsa na iya salwanta.

Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshensa, bai kuwa rage daraja ba don haka. Saboda haka, jama'a, in mai i'ina yana magana, ɗanku ne ko baƙo, ku dube shi, ku saurara, kada ku kwaikwaye shi, kada ku gaggauta shi. Ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa da bakinsa.